Mannewa da tafiyar ƙwayoyin halitta: gyara kan bayanin da ake yawan yi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili a wannan jarida tamu in yi gyara kan wani bayani da ya zama ruwan dare a shafukan kiwon lafiya, har da bakin wasu masu koyarwa. In an zo faɗin yadda ciwon daji ke bazuwa a jiki, sai a ce akwai wani danƙo da ya haɗa ƙwayoyin halitta wuri guda, ranar da danƙon ya saki sai ƙwaya ta ɓalle ta kama gabanta. Duk wanda ya ji haka zai ɗauka mannewa da tafiya ba sa ga maciji da juna, in ɗaya ta ragu ɗayar ta ƙaru. Wannan bayani ya yi gajarta ƙwarai, kuma yana ɓatar da ɗalibi tun daga tushe. Ƙwayar da ke jan jikinta a kan wani abu sai ta kama shi kafin ta gusa, kuma sai ta sake shi kafin ta ci gaba. Abin da ke yanke saurinta shi ne yadda take kamawa ta saki, da irin abin da take kamawar.

Mu fara da wurin da ake tafiyar. Tsakanin ƙwayoyin jiki akwai wata saƙa ta zaruruwan furotin wadda su ƙwayoyin ne da kansu ke fitar da ita. Babban zarenta kolajin ne, mai iri 28, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na duk furotin da ke jikin mutum. Akwai fibironaktin da laminin, sai wasu dogayen sinadaran sukari da ke tsotse ruwa su cike gurabe. Saƙar kala biyu ce. Akwai sakakkiya, irin ta ƙarƙashin fata da kewayen gaɓoɓi, mai kafofi da faɗinsu kan kai 'yan maikiromita (maikiromita 1,000 ke yin milimita ɗaya). Akwai kuma wata siririyar shimfiɗa matsattsiya ta laminin da kolajin iri na 4, wadda ƙwayoyin fata da na bangon hanji da na magudanan nono ke zaune a kanta. A mafi yawan wurare kaurinta bai kai maikiromita ɗaya ba, amma kafofinta sun yi wa ƙwaya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ita ce iyakar da likitan da ke duba nama a madubi yake nema. In ƙari bai keta ta ba, yana nan a mazauninsa. In ya keta, ya zama mai kutsawa.

Furotin na mannewa kuwa gida-gida ne, kuma yi musu kuɗin goro shi ne tushen ruɗanin. Kadirin, wanda Masatoshi Takeichi na Japan ya gano a ƙarshen shekarun 1970, aikinsa haɗa ƙwaya da 'yar uwarta, kuma ba ya aiki sai da kalsiyam. Salaktin na cikin jijiyoyin jini ne, riƙonsa na ɗan lokaci ne. Wanda ke haɗa ƙwaya da saƙa shi ne intagirin, kuma a kansa mafi yawan maganata za ta tsaya.

Kowane intagirin tagwaye ne: ɓangaren alfa da ɓangaren beta, suna ratsa fatar ƙwaya tare. A jikin mutum akwai alfa 18 da beta 8, suna haɗuwa su ba da nau'i 24, kowanne da abin da yake kamawa. Alfa-5 beta-1 na kama fibironaktin, alfa-2 beta-1 na kama kolajin, alfa-6 beta-4 na kama laminin. A 1984 Pierschbacher da Ruoslahti suka nuna cewa abin da ake kamawa a jikin fibironaktin ɗan guntu ne na amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) uku kacal, wanda ake rubutawa RGD. Abin da aka fi mantawa shi ne intagirin na iya kasancewa a jikin ƙwaya bai kama komai ba. Yakan zauna a lanƙwashe, kansa na kallon ƙasa, har sai wasu furotin biyu na cikin ƙwaya, talin da kindilin, sun kama jelar beta. A nan ne yake miƙewa ya buɗe kai. Saboda haka ƙidaya yawan intagirin a fatar ƙwaya ba ya gaya maka ƙarfin riƙonta. Ƙwayoyin daskarar da jini sun isa hujja: suna yawo ɗauke da dubun dubatar intagirin a lanƙwashe, jini bai daskare ba, sai an ji rauni sannan a kunna su.

Yadda ƙwaya mai jan jiki ke tafiya, irin fibiroblas da ke saƙa kolajin a miki, Michael Abercrombie ya bayyana shi tun shekarun 1970, kuma har yau bayaninsa na nan daram. Zaruruwan aktin, furotin da ke tallafe ƙwaya daga ciki, na girma a gefen gaba, suna tura fatar ƙwaya ta fito kamar leɓe. A lokaci guda furotin mayosin na janyo waɗannan zaruruwa baya. In babu abin da ya ɗaure aktin da waje, duk girman da aka yi a gaba sai ya zame baya a banza, ƙwaya na ta motsi ba ta gusa ba. Da zarar intagirin ya kama saƙa, talin ya haɗa shi da aktin, zamewar sai ta ragu, ƙarfin ya sauka a kan saƙa, leɓen ya yi gaba. Waɗannan mannewar farko ƙanana ne, ba su kai rabin maikiromita ba, kuma yawancinsu kan watse cikin kamar minti ɗaya. Kaɗan ne ke girma su kai tsawon maikiromita 2 zuwa 5, su daɗe mintuna masu yawa. Daga nan mayosin ya matse jikin ƙwaya ya jawo shi gaba. Sai mataki na ƙarshe, wanda aka fi raina shi alhali a kansa tafiya ta fi tsayawa: sakin baya. Wani inzayim (furotin mai yanka ko sarrafa wasu sinadarai) mai suna kalfen na yanka talin, ƙwaya na haɗiye wasu intagirin ta mayar da su gaba a sake amfani da su, wasu kuma takan fizge ta bar su manne a kan hanya. A madubi ana ganin wannan sawun a bayanta, siraran zaruruwa da ta tsinke ta bari.

Mai tafiya a kan santsi ba ya gaba don ƙafarsa ba ta samun abin takawa, mai tafiya cikin taɓo mai kauri shi ma ba ya gaba don ƙafar ba ta fita. Haka lamarin ƙwaya yake, kuma an auna shi. A 1997 Palecek da abokan aikinsa suka canja abubuwa uku ɗaya bayan ɗaya: yawan furotin da aka shafa a ƙasa, yawan intagirin a ƙwaya, da ƙarfin riƙon kowane intagirin. Kowane aka canja, sakamakon iri ɗaya ne. Sauri na hawa, ya kai ƙololuwa a matsakaicin riƙo, sannan ya sauko. Ƙwayar da aka ƙara wa intagirin takan kai ƙololuwarta a kan ƙasa mai ƙarancin fibironaktin, ta yi nauyi a kan mai yawa. Ma'anar wannan ga mai neman magani babba ce. In ka ba da abin da ke rage riƙo ga ƙwayar da dama riƙonta ya yi yawa, kana iya sauko da ita daidai inda ta fi gudu.

Akwai wata hujjar da ta zo a 1995. An cire wa ɓeraye inzayim FAK, wanda ke zaune a wuraren mannewa. Da aka duba ƙwayoyinsu, sai aka ga wuraren mannewar sun fi na ƙwayoyi masu lafiya yawa, tafiyar kuma ta ragu. Ashe babban aikin FAK, tare da abokinsa Src, shi ne rushe tsohuwar mannewa don a gina sabuwa. Bambancin saurin ƙwayoyi ma ya bi wannan layi. Fibiroblas mai manyan wuraren mannewa ba kasafai take wuce maikiromita ɗaya a minti ba, nutirofil kuwa, farar ƙwayar jini mai riƙo sama-sama, tana yin 10 ko fiye.

Ƙwaya kuma tana jin taurin abin da ta kama. Talin a naɗe yake, amma in aka ja shi da ƙarfin da ya kai kimanin fikoniyuton 5 (fikoniyuton kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na niyuton) sai ya warware, wasu ɓoyayyun gurabe su bayyana, furotin binkulin ya zauna a kansu ya ƙara ɗaure aktin. A kan saƙa mai laushi, ja ba ya kai wannan matsayi kafin riƙon ya kuɓuce. A kan mai tauri yana kaiwa, mannewar ta girma. A shekarar 2000 ɗakin binciken Yu-li Wang a Amurka ya nuna fibiroblas na tsallakawa daga gefe mai laushi zuwa mai tauri cikin sauƙi, amma in ta zo iyaka daga gefen tauri sai ta juya. Wannan ya shafi ciwon daji kai tsaye, don ƙarin nono ya fi naman da ke kewaye da shi tauri, kuma a 2006 an nuna cewa inda zaruruwan kolajin suka miƙe suka fuskanci waje daga bakin ƙari, ta nan ƙwayoyin ke bi su fita.

To ina gaskiyar masu maganar danƙo? Tana wajen kadirin, kuma ko a nan ba cikakkiya ba ce. Akwai nau'in kansar nono da ke tasowa daga jakunkunan madara, wanda ƙwayoyinsa kan rasa wani nau'in kadirin mai suna E-kadirin, sai a gan su a madubi sun jeru ɗaya bayan ɗaya cikin saƙa. Amma nau'in da ya fi yawa, na magudanan madara, galibi yana riƙe da E-kadirin ɗinsa, ƙwayoyin na kutsawa a ƙungiyance, na gaba na jan na baya. A 2019 wani bincike a Jami'ar Johns Hopkins ya nuna cewa cire E-kadirin daga irin wannan ƙari a ɓeraye ya ƙara kutsawa cikin naman kusa, amma ya rage bazuwa zuwa gaɓoɓin nesa, don ƙwayoyin da suka ware sun fi saurin mutuwa. Warkewar miki ma tafiyar ƙungiya ce. Ƙwayoyin fata na bakin rauni na kwance ƙusoshin alfa-6 beta-4 da suka kafe su a shimfiɗa, su fito da alfa-5 beta-1 don kama fibironaktin na gudan jinin da ya daskare, amma ba sa rabuwa da na bayansu. Sauya irin riƙo suka yi.

Fararen ƙwayoyin jini ne suka fi nuna abin da rashin mannewa ke jawowa. Kafin nutirofil ta bar jijiya zuwa inda cuta take, salaktin na bangon jijiya na tare ta ta riƙa mirginawa a hankali. Sinadarin kira da ke bangon ya taɓa ta, cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba intagirin ɗinta mai suna LFA-1 ya miƙe ya kama furotin ICAM-1 da ke jikin bangon, ta tsaya cak duk da gudun jini, sannan ta rarrafa ta sami kafa tsakanin ƙwayoyin bango ta fice. Akwai jariran da ake haifa ba su da ɓangaren beta-2. Cibiyarsu kan daɗe ba ta faɗi ba, har ta wuce mako uku. Suna fama da cututtuka masu tsanani, miki ba ya yin mugunya, in an auna jini kuma a ga nutirofil sun yi yawa fiye da ƙima. Ƙwayoyin na nan, amma sun kasa kama bango balle su fita. Duk likitan da ya ga waɗannan alamu tare ya kamata ya tuna da wannan ciwo, don dashen ɓargo na iya ceton yaron in an gano da wuri.

Sai dai duk abin da na faɗa kan kamawa da saki ya fi ƙarfi ne a kan shimfiɗaɗɗen wuri. A cikin saƙa, inda zaruruwa suka kewaye ƙwaya ta kowane gefe, lissafin na canjawa. A 2008 ɗakin binciken Michael Sixt a Jamus ya cire dukkan intagirin daga wasu fararen ƙwayoyin garkuwar jiki na ɓeraye. A kan faranti sun kasa tafiya, amma a cikin kolajin da cikin fata sun yi gudu daidai da masu intagirin, har suka isa kaluluwa. A matsattsen wuri ƙwaya na iya tokare bango, ta cusa gabanta cikin kafa, mayosin ya matso bayanta. Ƙwayoyin ciwon daji ma na iya wannan sauyi. Katarina Wolf da Peter Friedl sun nuna a 2003 cewa in aka toshe inzayim da suke yanka kolajin da shi, wasunsu kan dunƙule su riƙa kurɗawa ta kafofin da suka tarar.

Kurɗawar na da iyaka, kuma nukiliyos, cibiyar ƙwaya mai ɗauke da DNA, ne ke sa ta, don shi ne mafi girma da tauri a cikin ƙwaya. Wolf da Friedl sun auna a 2013: tafiya na tsayawa in kafa ta kai kusan kashi 10 cikin 100 na faɗin nukiliyos, wato kimanin murabba'in maikiromita 7 ga ƙwayar ƙari, 4 ga ƙwayar T (wata farar ƙwayar jini), 2 ga nutirofil, wadda nukiliyos ɗinta rarrabe yake kuma mai laushi. In kafa ta gaza haka, dole ƙwaya ta yanka hanya da inzayim irin MT1-MMP, wanda take kaiwa daidai inda zare ya tare ta. A 2016 kuma aka ga cewa matsi na iya fasa bangon nukiliyos, ƙwaya ta ɗinke shi ta wuce, amma DNA kan samu lahani a hanya.

Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin tarihin magunguna ba. Marimastat, mai toshe inzayim masu yankan saƙa, bai tsawaita rai yadda aka sa rai ba a gwaje-gwajen ƙarshen shekarun 1990, ga ciwon gaɓoɓi da ya jawo wa marasa lafiya. Silenjitaid, wanda aka ƙera bisa RGD don toshe intagirin, ya faɗi a babban gwajin kansar ƙwaƙwalwa a 2013, kuma tun 2009 an ga cewa ɗan kaɗan daga cikinsa na iya ƙara girman ƙari a ɓeraye. Inda aka ci nasara shi ne inda ƙwaya ba ta da wata dabara sai riƙo, wato bangon jijiya. Natalizumab, mai toshe alfa-4, na hana fararen ƙwayoyi shiga ƙwaƙwalwa a ciwon da garkuwar jiki ke cin rigar jijiyoyi. An amince da shi a Amurka a 2004, aka janye shi a 2005 saboda wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa da ke samun dama in an hana masu gadin shiga, aka dawo da shi a 2006 da sharuɗɗan sa ido.

Ga ɗalibai da masu bincike, a ɗakin gwaji ne wannan gajeriyar fahimta ta fi yin ɓarna, kuma abin na damuna. Gwajin da aka fi yi shi ne a bar ƙwayoyi su cika faranti, a karce layi da bakin tsinken fifet (bututun ɗibar ruwan gwaji) na maikirolita 200, a wanke, a riƙa ɗaukar hoto ana auna rufewar gibin. Kuskure na farko, ƙwayoyi na hayayyafa yayin da suke tafiya, sai a lissafa haihuwa a matsayin gudu. Maganinsa a sa maitomaisin C, mai hana ƙwayoyi hayayyafa, kimanin maikirogiram 10 a mililita na sa'a 2 kafin karcewa, ko a rage ruwan jinin da ke cikin abincinsu, a kuma gama awo kafin sa'a 24. Na biyu, karcewar na kankare fibironaktin da aka shafa, sai ƙwayoyin su bi ta kan abin da ruwan jinin ya zubar, musamman bitironaktin, wanda wani intagirin daban ke kamawa. Mai bincike na zaton alfa-5 beta-1 yake aunawa alhali wani ne ke aiki. Na uku shi ne gwada adadi ɗaya tak na fibironaktin da ake shafa wa faranti. Tunda sauri hawa yake ya sauka, sai an jera adadi daban-daban kamar maikirogiram 1, 5, 10, 20 da 50 a mililita, a bar kowanne sa'a ɗaya a digiri 37, a toshe sauran gurabe da albumin kashi 1 cikin 100, sannan a san a wane gefen ƙololuwa ake. In ba haka ba, mutum biyu na iya gwada magani ɗaya, wannan ya ce ya rage tafiya, wancan ya ce ya ƙara, kuma kowa ya auna daidai. A kuma tuna robar faranti ta fi naman ƙwaƙwalwa tauri sau fiye da miliyan, shi ya sa manyan wuraren mannewa da ake gani a kanta ba kasafai ake samun irinsu a cikin nama mai laushi ba.

A kula da ƙarfen da ke cikin ruwan gwaji. Sinadarin EDTA na kwashe kalsiyam da maganiziyam, kadirin da intagirin duk su saki. Manganis kuwa na miƙar da intagirin da ƙarfi ba tare da umarnin ƙwaya ba, don haka yana da amfani a matsayin ma'auni amma ba ya nuna halin da jiki ke ciki. A akwatin Boyden, inda ake ƙidaya ƙwayoyin da suka ratsa matatar da ke tsakanin sama da ƙasa, kafa mai faɗin maikiromita 8 ta dace da ƙwayoyin ƙari da fibiroblas, mai 3 zuwa 5 ta dace da fararen ƙwayoyi. Kafar maikiromita 3 faɗin bakinta kusan murabba'in maikiromita 7 ne, daidai iyakar ƙwayar ƙari, don haka wanda ya yi amfani da ita taurin nukiliyos yake aunawa.

In kuma za a yi kolajin mai kauri a zuba ƙwayoyi ciki, a haɗa shi a kan ƙanƙara, a daidaita tsaminsa zuwa pH 7.4 kafin a sa ƙwayoyin, yawanci miligiram 1.5 zuwa 3 a mililita. Zafin da aka daskarar da shi na canja kafofinsa: a digiri 37 zaruruwa kan fito sirara da ƙananan kafofi, a ƙasa da haka su yi kauri kafofin su buɗe. Asalin kolajin ɗin ma na da tasiri. Wanda aka ciro da inzayim fefsin ya rasa ƙarshen zaruruwansa da ke ƙulla su da juna, ƙwayoyi na ratsa shi ko an toshe MT1-MMP. Wanda aka ciro da asid daga jelar ɓera yana riƙe da waɗannan ƙarshen, kuma a cikinsa toshe inzayim ɗin na tsayar da su, kamar yadda ɗakin binciken Stephen Weiss ya nuna a 2009. Duk mai rubuta sakamako ya faɗi irin kolajin da ya yi amfani da shi, da yawansa, da zafin da ya daskarar da shi.

Na gode da filin da kuka ba ni.

Naku,
Wani malamin nazarin ƙwayoyin halitta